Lissafi Ya Tsaya Mini a Maƙogwaro, Ko In Haƙura da Karatun?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, ina ɗinki a cikin gida. Ina aji biyar na sakandare aka cire ni aka yi mini aure. Shekara uku ke nan da maigidana ya amince in koma karatu, burina in yi NCE in zama malamar firamare. Sau biyu ina zana jarrabawar 'yan waje. A ta biyun na samu kiredit a Turanci da Hausa da Addini da Gwamnati, amma lissafi F9 na ci a ta farko, E8 a ta biyu. Inda nake rikicewa shi ne wurin neman x. Ƙanin mijina da ke jami'a ne ke koya mini, kullum maganarsa ɗaya ce, "Ki tsallakar da lamba ki canja alama." Jiya ya ba ni 5x − 7 = 2x + 11, na kawo har 3x = 18, sai na tsallakar da 3 na canja alama, na rubuta x = 18 − 3. Ya tuntsire da dariya a gaban yara, ya ce ko 'yar firamare ta fi ni. Babbar 'yata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta ce, "Mama kawo in nuna miki," na daka mata tsawa, har yanzu abin yana ci mini rai. Maigida kuma ya ce kuɗin rajista ba wasa ba ne, in haƙura haka nan. Anti, ko ƙwaƙwalwar ce ta tsufa? In bari ne, ko in sake gwadawa?

'Yar'uwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma a kowane karo wurin 3x = 18 nake tsayawa. Kin san me ya sa? Domin kafin ki iso nan kin riga kin gama aikin da ya fi wuya a cikin tambayar. Kin tattara masu x a gefe ɗaya, kin tattara lambobi a ɗaya gefen, ba ki kuskure alama ko ɗaya ba. A mataki na ƙarshe kuma abin da aka koya miki shi kika yi: an ce ki tsallakar ki canja alama, kin tsallakar kin canja. Ƙa'idar ce aka ba ki rabinta. Mace mai 'ya'ya huɗu da keken ɗinki, wadda ta bar aji shekaru masu yawa, ta dawo ta ci kiredit a Turanci, ta tashi daga F9 zuwa E8, wannan ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Ki cire maganar tsufa daga ranki.

Bari mu fara da lissafin kansa, domin shi ne tushen ɓacin ran da ya shiga tsakaninki da mutum uku a gidanki.

Na koyar a aji shekaru da dama, kuma na ga irin ɓarnar da "tsallakar da lamba" ke yi wa ɗalibai. Gaskiyar magana babu lambar da ke tsallaka ko'ina. Waɗannan layuka biyu da ke tsakiya, alamar daidai, suna cewa ne abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya. Ki ɗauke su kamar sikeli mai faranti biyu. Idan kin cire wani abu daga faranti ɗaya, dole ki cire irinsa daga ɗayan, in ba haka ba sikelin ya karkace. Idan kin ƙara, ki ƙara wa duka biyun. Idan kin raba, ki raba duka biyun. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta, sauran duk rassanta ne. Wani likita masanin lissafi daga Birtaniya, Robert Recorde, shi ya fara amfani da alamar a 1557, kuma dalilinsa shi ne babu abubuwa biyu da suka kai layuka biyu masu tsawo ɗaya zama daidai.

To mu mayar da tambayar ƙanin mijinki kasuwa. A ce mata biyu sun je sayen yadi, kuɗin hannunsu ɗaya. Ta farko ta ɗauki yadi 5, kuɗinta bai isa ba, saura naira 700 ake bin ta. Ta biyu ta ɗauki yadi 2, aka ba ta canjin naira 1,100. Nawa ne yadi ɗaya? Na tabbata kafin ki gama karanta wannan layin kin fara lissafawa a ka: bambancinsu yadi 3 ne, kuɗin da ke tsakaninsu kuma 1,100 da 700, wato 1,800. Yadi 3 a kan 1,800, ɗaya 600. Shin ya taɓa zuwa miki a rai ki ce a ɗebe 3 daga 1,800? Ko kusa. Rabawa kika yi, domin kin san yadi uku ne suka haɗu suka cinye kuɗin. To wannan ita ce 5x − 7 = 2x + 11, an dai ƙirga kuɗin ne ɗari-ɗari. A takarda ga yadda za ki jera ta, kowane mataki a layinsa:

5x − 7 = 2x + 11
Cire 2x daga kowane gefe: 3x − 7 = 11
Ƙara 7 a kowane gefe: 3x = 18
Raba kowane gefe gida 3: x = 6

Ki lura da abin da ya bambanta matakin ƙarshe. Ita 7 ɗebe ta aka yi, shi ya sa maganinta ƙarawa. Ita kuwa 3 da ke manne da x ninkawa take yi, 3x na nufin x sau uku, maganin ninkawa kuma rabawa ne. Saboda haka duk lambar da kike son kawarwa, ki fara tambayar kanki: me wannan lambar take yi wa x? In ƙara mata aka yi, ki ɗebe. In ɗebewa aka yi, ki ƙara. In ninkawa ce, ki raba. In rabawa ce, ki ninka. Kuma ko wanne kika yi, ki yi wa gefe biyun. "Canja alama" gajeruwar hanya ce da ke aiki a tarawa da ɗebewa kawai, ba wanda ya gaya miki iyakarta.

Sai maganar wanne ake fara yi, wadda ita ma take rikita mutane. Ki tuna goyo. Kin ɗora yaro a baya, kin ɗaura zani, sannan kin kawo majanyi kin ɗaure a sama. In za ki sauke shi, majanyi kike fara kwancewa, domin shi ne na ƙarshe da kika ɗaura. Haka x take a goye. A cikin 3x − 7, an fara ninka ta sau 3, daga baya aka ɗebe 7. Wurin kwancewa 7 ce majanyi, ita za ki fara cirewa, sannan ki zo kan 3.

Akwai wata al'ada da nake so ki riƙe daga yau har ranar jarrabawa, domin ita ce za ta raba ki da jiran wani ya ce miki kin yi daidai ko ba ki yi ba. Duk amsar da kika samu, ki mayar da ita cikin tambayar ta asali. Ki gwada 6: hagu, 5 sau 6 talatin, a ɗebe 7 saura 23. Dama, 2 sau 6 sha biyu, a ƙara 11 ya zama 23. Sikeli ya tsaya. Da kin gwada 15 ɗin da kika samu jiya, da kin ga 68 a hagu, 41 a dama, da ke da kanki kin gane akwai gyara tun kafin kowa ya buɗe baki. Wannan awon bai kai minti ɗaya ba.

Ramuka biyu suna gabanki, gara in nuna miki su tun yanzu. Na farko baka, abin da 'yan makaranta ke kira biraket, musamman in akwai alamar ɗebewa a gabanta. Ɗauki 10 − 2(x − 3) = 4. Lambar da ke bakin ƙofa tana ninka duk wanda ke cikin ɗakin, ba na farko kaɗai ba, kuma da alamarta take shiga. Saboda haka −2 sau x ya ba da −2x, −2 sau −3 kuma ya ba da +6. Nan ne ɗalibai ke tsayawa su ce yaya ɗebewa biyu suka haifi ƙari? Ki ɗauki −3 a matsayin bashin naira uku da ake bin ki. In aka yafe miki wannan bashin sau biyu, ai kin ƙaru da shida. To layin ya zama 10 − 2x + 6 = 4, a haɗa 10 da 6 ya koma 16 − 2x = 4. Ki ƙara 2x a kowane gefe don ki huta da alamar ɗebewa: 16 = 4 + 2x. Cire 4, saura 12 = 2x. Raba gida 2, x = 6. Awo: 6 a ɗebe 3 saura 3, sau 2 shida, a cire daga 10 saura 4. Ya yi. Kada ki damu don x ta ƙare a dama, sikeli bai san hagu da dama ba.

Rami na biyu lambobi masu sama da ƙasa, irin su rabi da sulusi. Misali x/2 + x/3 = 10. Ki nemi lambar da 2 da 3 duk suke shiga ba saura, wato 6, ki ninka kowane yanki da ita, har da 10 ɗin da ke dama, wadda ita ake yawan mantawa. Sai ki samu 3x + 2x = 60, wato 5x = 60, x = 12. Rabin 12 shida ne, sulusinsa huɗu, a haɗa goma. Tunda kin ci Addini, wannan ba baƙo ba ne a wurinki. Malaman rabon gado haka suke yi in rabi da sulusi da sudusi da sumuni suka haɗu a mas'ala ɗaya: sai su nemi asalin da kowa zai fita a cikinsa, 6 ko 12 ko 24, kafin a fara rabo.

Kuma ba haɗuwar hanya ba ce. Kalmar aljebra daga Larabci ta fito, daga sunan littafin da Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, a kan hisabin jabru da muƙabala. Jabru shi ne ɗori, irin na karaya: a cike gurbin abin da aka ɗebe, kamar yadda kika ƙara 7 ɗazu. Muƙabala kuma gwama gefe biyu a soke abin da suka yi tarayya a kai. A cikin littafin babu x ko ɗaya, da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba yana kiransa "shai'un", wato abu. Ya kuma bayyana cewa don bukatun jama'a ya rubuta shi, gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa. Na kawo miki wannan ne don in x ta ba ki tsoro, ki karanta tambayar da Hausa da babbar murya: "Wani abu ne, an ninka shi sau biyar, an ɗebe bakwai." Wanda ya assasa fannin ma haka ya yi.

Yanzu mu dawo gida. Ƙanin mijinki ya yi kuskure, ba na kare shi. Yi wa matar yayansa dariya a gaban 'ya'yanta bai dace ba, ko da kuwa akwai wasa tsakaninku. Wasan ƙanin miji yana da wurinsa, teburin karatu ba ya ciki. Amma ki yi masa adalci ta wannan fuskar: yana ba ki lokacinsa ba ko sisi, kuma abin da aka cusa masa shi yake cusa miki. Wanda hannunsa ya saba da abu yakan manta yadda rashin saninsa yake, shi ya sa iya lissafi daban, iya koyar da shi daban. Ki same shi ku biyu, ba yara a wurin, ki gode masa, sannan ki faɗa masa kai tsaye cewa maganar ranar nan ta ɓata miki rai. Ki roƙe shi abu biyu: karatu ya zama lokacin da yara ba sa kusa, kuma in kin yi kuskure ya tambaye ki dalilin matakin kafin ya gyara. In ya gyara hali, madalla. In bai gyara ba, ki sallame shi cikin mutunci, zumunci ya fi darasin nan tsada, kuma malamai ba su ƙare ba.

Ita kuwa yarinyar, yau ɗin nan ki kira ta. Ba raini ya sa ta yi magana ba. Ta ga ana yi wa uwarta dariya, zuciyarta ta kasa ɗauka, ta miƙo abin da take da shi. Na san abin da ya taso miki a lokacin, kunya ce ta rikiɗe ta zama faɗa, kuma kusan kowace uwa za ta ji haka. Ki ce mata, "Ranar nan raina ne a ɓace, ba laifinki ba ne, zo ki nuna mini." Ba abin da zai ragu a girmanki. Ga kuma wata fa'ida: irin waɗannan tambayoyi su ne ake yi musu a aji yanzu, littafinta yana ɗauke da su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, a jere. Ku riƙa zama bayan sallar isha'i na rabin sa'a, ke ki warware ita ta yi awon amsa, gobe ku yi musanya. Ita ma jarrabawar aji uku tana gabanta, za ta ci moriyar zaman. Sharaɗi ɗaya: kada ki mayar da ita malamarki ta dole, ranar da take da aikin gida ko ta gaji ki ƙyale ta.

Maganar maigida ita ce ta fi bukatar natsuwa. Mutumin da ya yarda ki koma karatu, ya biya rajista sau biyu a wannan zamani na tsadar rayuwa, ba maƙiyin burinki ba ne. Abin da ya gani shi ne kuɗi sun fita sau biyu, sakamakon da ake nema bai zo ba, kuma ba a nuna masa abin da zai sa karo na uku ya bambanta ba. Kada ki je masa da kuka ko gori. Ki je masa da tsari. Ki ce ba ki neman kuɗin rajista yanzu, wata huɗu zuwa shida kike nema na shiri. Ki nuna masa cewa lissafi kaɗai ya rage, tunda makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu in an haɗa, amma ki je kwalejin da kike so ki tabbatar da sharaɗinsu da bakinsu kafin ki faɗa masa haka. Ki kuma ɗauki alkawarin kawo wani kaso na kuɗin daga ɗinkinki, ko ta adashi ne. Sannan ku yi yarjejeniya: ba za a biya ba sai kin zauna da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekara uku, da agogo a gabanki, kin haura rabin maki a kowacce. In kin haura, ya ga hujja da idonsa. In ba ki haura ba, a ɗaga zuwa zango na gaba, ba a yi asarar kuɗi ba. WAEC tana yi wa 'yan waje jarrabawa sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, saboda haka ƙofa ba ɗaya ba ce.

Ba zan ɓoye miki ba, neman x kaɗai ba zai kai ki C6 ba. Takardar ta ƙunshi kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, awon fili, kusurwoyi, ƙididdiga da sauransu. Sai dai yawancinsu in kin bi su a ƙarshe kan wannan sikelin suke sauka, shi ya sa nake so ki ba shi sati uku cur kafin ki taɓa wani babi. Tambaya biyar a rana ta isa, kowacce da awonta. Ki ware littafi guda na kurakurai, duk inda kika faɗi ki rubuta tambayar da dalilin faɗuwar da Hausa, kamar "na manta ban ninka na biyu a cikin baka ba". Bayan sati biyu za ki ga kurakuran naki ba su wuce iri uku ko huɗu ba, su ne dai suke sauya riga. Kuma ki saba da rubuta kowane mataki, domin a ɓangaren rubutu na jarrabawar masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce.

In zaman gida ya gagara, ki tambaya a unguwa ko akwai malamar lissafi da za ta riƙa ba ki sa'a biyu a sati, ko da ɗinki za ki riƙa biyan ta. Akwai kuma azuzuwan ilimin manya da darussan shirin jarrabawa na yamma, inda za ki tarar da mata sa'o'inki masu irin damuwarki. In kuwa bayan wannan shirin duka ke da kanki kika ga lokacin bai yi ba, saboda yara ko lafiya ko aljihu, ki ajiye ki huta, kiredit huɗun da kika ci suna nan ba sa ruɓewa.

Amma tunda kin tambaye ni ra'ayina, ni dai ina ganin ki sake gwadawa. Kin ce malamar firamare kike son zama. Wata rana wani yaro zai rubuta 18 − 3 a inda ya kamata ya raba, 'yan aji su fara dariya, kuma ke za ki san ainihin abin da ya faru a kansa da abin da yake ji a ƙirjinsa. Ina so a ce ke ce a gaban allon ranar.

Ga aikin daren yau, ke da 'yarki: 4(x + 2) = 2x + 20. Ki buɗe baka, ki rubuta a gefen kowane layi abin da kika yi wa gefe biyun, ki ba ta ta mayar da amsar ciki ta gani ko sikeli ya tsaya. Ki rubuto mini abin da kuka samu, da yadda kuka yi da maigida. Allah Ya buɗa miki, Ya yi wa zuri'a albarka.